Ina Maigida Ya Kai?

A cikin daminar da ta wuce, wani ɗan'uwa daga cikinmu ya tashi daga Roni a kan babur, zai kai saƙo wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Kafin ya fita, ɗansa ya shirya masa waya domin mutanen gida su riƙa ganin inda ya kai a kan taswira. Da la'asar sakaliya sai ɗigon da ke nuna shi ya tsaya cik a bakin wani rafi. Magariba ta yi, ɗigo yana nan. Uwargida ta yi ta kira, waya ba ta shiga. Muka taru a ƙofar gidan, samari biyu suka ɗauki tocila suka tafi rafin cikin ruwan sama, ba su iske kowa ba. Ba wanda ya runtsa a gidan nan. Da gari ya waye sai ga mutumin lafiya lau. Ashe ya haye tun da rana, ya kwana wurin wani abokinsa can gaba, inda babu sabis.

Kunya ta kama mu, har da mu malamai. Gama a ƙarƙashin sunansa wayar ta rubuta lokacin da ta ji labarinsa na ƙarshe, amma ba wanda ya duba.

To, yaya abin nan yake aiki? Aiki biyu ne, kowane da hanyarsa. Na fari shi ne waya ta san inda take. Wannan tana samunsa daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20,000. In waya ta ji saƙon guda 4 daga cikinsu, sai ta lissafa wurin da take. Ba ta bukatar kati ko data domin wannan, ko a tsakiyar daji ne. Aiki na biyu shi ne ta faɗa wa mutanen gida. Nan ne ake bukatar sabis da data. Wayar ɗan'uwanmu ta san inda take dukan dare, bakin faɗa ne ba ta da shi. Saboda haka taswirar gida ta tsaya a wurin da aka rabu da sabis.

A Amurka da Turai akwai mutane, da yawansu tsofaffi da suka bar aiki, masu yawo a mota mai ɗaki, da gado da murhu duk a ciki. Su ma wannan damuwa ta same su, domin sukan yi zango a jeji. Yanzu sukan ɗora farantin Starlink a kan rufin mota, ya kawo masu intanet daga taurarin da ke nisan wajen kilomita 550 kawai. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ita ce ƙasa ta fari a Afirka da ta samu. Amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Direbobinmu na manyan motoci da ke kwana a hanya, da fatake masu bin kasuwanni daga Babura zuwa Maigatari, wayar aljihu suka dogara gare ta. Wanda kuwa ya sami faranti, ya lura da abu guda: shafukan intanet sukan ɗauka yana Legas, domin ta can layin yake fita. GPS na cikin waya shi ne ke nuna ainihin wurinsa.

Shirin ba wuya, sai dai a yi shi a gida, a natse, ba a tasha ba sa'ad da yaron mota yake ta kiran fasinja. WhatsApp ya kawo wannan dabara a 2017. A buɗe hira da mutumin gida, a taɓa alamar maƙala abu, a zaɓi wuri. Za a ga zaɓi biyu. Ɗaya yana aika inda kake yanzu sau ɗaya tak, ba ya motsi. Ɗayan yana binka, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Mutane da yawa sukan aika na farin, sa'an nan gida a zuba ido ana jiran ɗigon da ba zai taɓa gusawa ba. Mai tashi daga Kazaure zuwa Kano ko Daura ya zaɓi awa 8, kada ya yi rowa, gama mota ba ta da alkawari. Mai doguwar tafiya ta kwanaki, Google Maps ya fi masa, domin ana iya barinsa a buɗe har sai mai shi ya kashe. Yana kuma nuna sauran cajin batirin matafiyi. Wannan ƙaramin abu yana kwantar da rai ƙwarai. Uwar da ta ga saura kashi 3 cikin ɗari ba za ta firgita ba in waya ta yi shiru.

A tabbata an ba manhajar izinin ganin wuri koyaushe, a kuma kashe tsarin tattalin batir, domin shi yakan rufe ta a ɓoye da zarar an sa waya a aljihu. Sa'an nan a gwada. A aiki yaro da wayar zuwa bakin kasuwa, uwargida ta zauna ta bi shi da ido a tata wayar har ya dawo. Mun ga gidajen da aka shirya wa maigida kome, aka manta ba a koya wa mai dubawar ba.

Wa za a ba? Mutum ɗaya ko biyu, waɗanda za su tashi in wani abu ya faru. Kada a jefa shi cikin zauren WhatsApp na unguwa ko na ƙungiya. Ba ka san dukan masu karantawa ba, mai ɗauke da kuɗin hatsi kuwa ba ya shelar hanyarsa. Miji da mata su yi shawara tukuna, haka kuma da 'ya'yan da suka girma. Wanda aka sa wa ido ba da saninsa ba, ran da ya gane, zai riƙa barin wayar a gida ne kawai.

Mu tuna kuma sabis yana iya ɗaukewa gaba ɗaya. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomi 13 na Katsina, maƙwabtanmu, saboda 'yan bindiga. Matafiya a can suka koma sallahu ta bakin direba, irin na dā.

Ɗan'uwan nan namu har yanzu yana zuwa Gwiwa, ɗigonsa kuma har yanzu yakan tsaya a bakin rafin. Amma yanzu kafin ya hau babur yakan faɗi ƙauyukan da zai bi, da gidan da zai kwana in ruwa ya tare shi. Uwargidansa ta rubuta lambar mai gidan a bangon ɗaki da gawayi, kusa da ƙofa.