Tausar Ƙafa ga Mai Juna Biyu: Amfaninta da Iyakarta

Idan ciki ya shiga wata na bakwai, da wuya a samu macen da ba ta kukan ƙafa. Nauyin cikin yana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, jiki kuma ya tara ruwa, sai ka ga kafin la'asar takalmi ya ƙi shiga. A gidajenmu abin da aka saba shi ne a ɗauko man kaɗanya, uwa ko ƙanwa ta zauna ta matsa mata. Yanzu kuma ana ta yaɗawa a wayoyi cewa tausar ƙafa tana sauke hawan jini, tana kuma kore fargaba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ba a faɗa shi ne ya fi haɗari.

Tausa mai laushi tana kwantar da hankali. Numfashi ya daidaita, bugun zuciya ya lafa, barci ya zo da sauƙi. Wasu ƙananan bincike sun nuna awon jini kan ɗan sauka bayan an yi ta, damuwa ma ta ragu. To amma saukar kaɗan ce, ta ɗan lokaci ce kuma. Ni a ganina babban amfaninta shi ne mai cikin ta ji akwai wanda ya damu da ita, musamman mai cikin fari da ke kwana da tsoron ranar haihuwa. Maigida ma ba zai rasa girmansa ba don ya zauna ya yi wa iyalinsa.

Sai dai hawan jinin masu ciki ba daga ƙafa yake tasowa ba. Mafi muninsa yana bayyana ne bayan mako 20, kuma tushensa mabiyiya ce, wato uwar da jariri ke samun abinci ta cikinta. Jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ga furotin a fitsari, ƙoda da hanta su fara taɓuwa, jariri ya daina samun isasshen jini. Idan aka yi sakaci, shi ne ke kaiwa ga jijjiga, wadda a wasu gidajen ake ɗora wa iska, a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Babu hannun da ya iya tausar da za ta kai ga mabiyiya. Abin tsoron ma, mace na iya jin garau alhali jininta ya yi sama, sai na'urar awo ce kaɗai za ta tona. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Kumburin ƙafa biyu da ke sacewa idan an kwana, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, ga ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, ko gani ya yi dishi-dishi, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ko motsin jariri ya ragu, a ajiye man kaɗanya a nemi mota, ko da tsakar dare ne. Awon da ya kai 160 bisa 110 ba ya jiran gari ya waye. A asibiti akwai allurar magnesium sulphate da ke tare jijjiga, da magunguna irin su methyldopa da nifedipine da labetalol. Kada mai ciki ta sha maganin hawan jinin surukarta. Irin su lisinopril da losartan suna cutar da jariri.

Akwai kuma ƙafar da ba a taɓa ta sam. Ciki yana sa jini saurin daskarewa. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sharaɓa na ciwo, wurin ya ɗau zafi, ƙila gudan jini ne ya toshe jijiya. Matsa ta na iya ɓalle gudan ya tafi huhu, mace ta shiga halin mutu-kwakwai-rai-kwakwai nan take.

Wadda malaman asibiti suka tabbatar lafiyarta ƙalau, ta kishingiɗa ta ɓangaren hagu, kada ta yi rigingine, a ɗora ƙafar kan matashi. A shafa daga yatsu zuwa idon sawu da tafin hannu, a hankali, minti 10 zuwa 15 ya isa. Ba a danna jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu, in kuma ta ce da zafi a tsaya. Wadda ke shan magani ta ci gaba da sha, kada jin daɗin tausa ya sa ta ajiye.

Sauka lafiya ma ba ta rufe maganar ba, don jijjiga na iya zuwa a kwanakin jego, har zuwa mako 6. Mai jegon da jininta ya taɓa hawa ta koma awo, a kuma tambayi likita kafin a fara ɗura mata kunun kanwa, domin kanwa tana tara wa jiki ruwa kamar yadda gishiri ke yi.