Zanzaro da Gizo-gizo

A cikin ƙananan halittun da ke zaune tare da mu a gida, gizo-gizo maharbi ne sananne. Ya kan kafa saƙarsa a kusurwar ɗaki, ko a tsakanin karan danga, ya koma gefe ya yi shiru. Ƙuda ko sauro ya zo wucewa ya faɗa ciki, sai ya fito ya nannaɗe shi da zare, ya tsotse ruwan jikinsa. Kusan duk ƙwaron da ke tashi sama yana gudun wannan tarko. Amma akwai ƙwaro guda wanda shi ne ke fita neman gizo-gizo da kansa, watau zanzaro.

Zanzaro baƙi ne, da rawaya a ƙafafunsa, tsawonsa kamar inci guda. Ƙugunsa siriri ne kamar zare, shi ya sa in yaro ya cusa rigarsa cikin wando ya ɗaure, a kan ce ya yi zanzaro. Macen ita ce mai gini, ita ce kuma mai harbi, namijin ba shi da ƙari. Wani abin mamaki kuma shi ne, babban zanzaro ruwan zaƙi na furanni ya kan sha. To, me ya kai shi farauta?

Amsar tana cikin ɗan ginin lakar nan da ku kan gani manne a bangon zaure, ko bayan ƙyaure, ko ƙarƙashin rufin rumbu. Macen ta kan tafi bakin rijiya, ko gindin randa inda ƙasa ke da damshi, ta dunƙula laka da bakinta, ta ɗauko. Tana shafa lakar tana wani ƙara siriri, wanda a kan ji in gida ya yi tsit da rana. Haka za ta yi ta kai da kawowa har ta gama ɗaki guda mai kama da 'yar tulu, sa'an nan ta fita farauta.

In ta sami gizo-gizo, sai ta faɗa masa farat ɗaya, ta riƙe shi, ta lanƙwasa cikinta ta harbe shi. Shi ma yana da dafi a bakinsa, amma sau da yawa kafin ya juya ta riga ta gama aikinta. Dafinta ba ya kashe shi nan take. Jikinsa ne ke mutuwa, ƙafafunsa takwas su saki, ba ya iya gudu, ba ya iya cizo, ga shi kuwa da sauran rai. Sai ta rungume shi, ta tashi da shi zuwa ɗakin da ta gina, ta tura shi ciki. Ta kan saka ƙwai guda ɗaya a jikinsa, ta koma ta kawo wani, ta ƙara kawo wani, har ɗakin ya cika. Daga nan ta toshe ƙofar da laka, ta fara sabon ɗaki a jikin na fari.

Dalilin da ya sa ba ta kashe su sarai abu ne da kowace uwar gida za ta gane. Naman da aka yanka ba ya daɗewa cikin zafi sai ya ruɓe, amma dabbar da ke ɗaure a turke tana nan har ranar da a ke bukatarta. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, wata farar tsutsa ta fito, ta tarar da abinci sabo a gabanta. Ta ci wannan, ta koma kan wancan, har ta cinye su duka. Sa'an nan ta saƙa wa kanta wata riga, ta kwanta ciki, jikinta ya sāke, ta zama zanzaro mai fukafukai.

Waɗansu mutane da suka fasa ginin suka ga ƙwari a ciki sun yi tsammanin zanzaro ba ya haihuwa, wai ɗan wani ya kan sato ya mai da shi nasa. Ba haka ba ne. Ƙwan ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa ba su lura da shi ba. Akwai kuma wani irin zanzaro wanda tsutsar ganye ya kan tara maimakon gizo-gizo, amma dabarar ɗaya ce.

Wani malami mutumin Faransa, Jean-Henri Fabre, wanda ya rasu a 1915, ya yi shekaru yana lura da ƙwari. Ya taɓa gwada wayon zanzaro. Da macen ta ajiye gizo-gizo na fari da ƙwanta a jikinsa ta fita, sai ya cire shi. Ta kawo wani, ya cire. Haka suka yi ta yi, daga bisani ta toshe ɗakin da laka, alhali babu kome a ciki, ko ƙwan. Wannan ya nuna aikin nata ba tunani ba ne irin na mutum, hali ne da aka halicce ta da shi, kuma ba wanda ya koya mata, gama ba ta taɓa ganin uwarta ba.

Farautar tana da hatsari. Wani lokaci fukafukan zanzaro su kan sarƙe a cikin saƙa, gizo-gizo ya nannaɗe shi kamar kowane ƙuda. Waɗansu gizo-gizon kuwa, da sun ji alamarsa, sai su saki kansu su faɗo ƙasa, su ɓuya cikin ciyawa har ya wuce.

Zanzaro ba shi da faɗa kamar rina, ba ya harbin mutum sai an damƙe shi, saboda haka kuna iya tsayawa kusa ku kalli aikinsa. In kun ga tsohon gini da 'yan ramuka a jikinsa, ta nan ne 'ya'yan suka huda laka suka fita. Ku ƙidaya ramukan, ku san ko nawa ne suka tashi daga wannan gida.