I'irabin Datif a Nahawun Jamusanci da Yadda Bahaushe Zai Koye Shi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da mai koyon Jamusanci akwai sauyin da kalmomi suke yi gwargwadon aikinsu a cikin jimla. Wanda ya karanci nahawun Larabci ya san irin wannan sauyi da sunan i'irabi, inda suna yake zuwa marfu'i ko mansubi ko majruri. Jamusanci yana da guda huɗu: Nominativ na aikau, da Akkusativ na karɓau kai-tsaye, da Dativ na kaikaitaccen karɓau, da Genitiv na mallaka. Wannan maƙala za ta dubi na ukun, wanda za a riƙa kira datif. Manufarta ita ce nuna cewa Bahaushe ya riga ya mallaki rabin wannan darasi a harshensa, sannan a fito da wuraren da Hausar za ta iya ɓatar da shi.

2.0 Ma'ana da Siga

Kalmar datif ta samo asali ne daga aikatau na Latin mai ma'anar bayarwa. Don haka ainihin aikinsa shi ne nuna wanda aka ba wa abu ko aka yi wa wani aiki. Jamusawa sukan gano shi ta hanyar tambaya da wem, wato "wa aka yi wa?"

Yawanci sauyin ba a jikin suna yake bayyana ba, sai a ƙaramar kalmar da take gabatarsa. Ta namiji, der, takan koma dem. Ta mace, die, takan koma der. Ta jinsi na uku, das, takan koma dem. Ta jam'i kuwa takan koma den, sannan a ɗafa wa sunan -n a ƙeya idan bai ƙare da -n ko -s ba, kamar die Kinder (yara) da yake komawa den Kindern. A nan ɗalibi yake fara tuntuɓe, domin der da ya haddace a matsayin alamar namiji ita ce kuma alamar mace a datif. Jimlar Er gibt der Frau das Buch tana nufin ya ba matar littafin, kuma der ɗin cikinta bai mayar da matar namiji ba.

Wakilan suna ma suna da tasu sigar, wadda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta Hausa: mir (mini), dir (maka ko miki), ihm (masa), ihr (mata), uns (mana), euch (muku), ihnen (musu). Akwai kuma Ihnen da babban baƙi, wanda ake amfani da shi don girmamawa.

A da, sunayen namiji da na jinsi na uku masu gaɓa ɗaya sukan ɗauki -e a datif. Yanzu wannan ya rage ne a daskararrun maganganu irin su zu Hause (a gida), da kuma rubutun Dem deutschen Volke, wato "ga al'ummar Jamus", wanda aka liƙa a goshin ginin majalisar dokoki ta Reichstag a Balin a shekarar 1916.

3.0 Inda Harsunan Biyu Suka Dace

Daidaitacciyar Hausa tana nuna kaikaitaccen karɓau da wa kafin suna, da kuma ma- a haɗe da wakilin suna. Ga misalai:

(1) Na gode maka. Ich danke dir.
(2) Ta taimaka wa yaron. Sie hilft dem Jungen.
(3) Ya sace mini kuɗi. Er hat mir Geld gestohlen.
(4) Na wanke wa yaron hannu. Ich wasche dem Kind die Hände.

Misalai na (1) da (2) sun nuna cewa aikatau danken da helfen, waɗanda suke ruɗa mai tunani da Ingilishi, daidai suke da "gode wa" da "taimaka wa". Misali na (3) ya nuna cewa a harsunan biyu datif yana ɗaukar wanda aka cuta kamar yadda yake ɗaukar wanda aka amfana. Na (4) kuwa ya nuna yadda ake ambaton mai gaɓar jiki a datif maimakon a yi amfani da mallaka. Hatta jerin kalmomi ya yi daidai idan karɓau biyun sunaye ne, domin kaikaitaccen shi yake fara zuwa. Sai dai idan dukkansu wakilan suna ne, Jamusanci yakan juya jerin: Ich gebe es ihm, inda es (abin) ya riga ihm (mutumin).

4.0 Inda Suka Saɓa

Saɓani na farko yana cikin aikatau. Bahaushe yakan ce "na bi shi" da "na taya shi murna", ba tare da wa ko ma- ba, alhali folgen da gratulieren datif suke bukata: Ich folge ihm, Ich gratuliere ihm. Haka kuma aikatau "ba" na Hausa ba ya bukatar wa a "ya ba yaro littafi", amma geben dole ya zo da datif.

Na biyu, akwai harufan da suke tilasta datif a kan duk sunan da ya biyo su, kamar yadda harufan jarra suke yi a Larabci. Fitattunsu su ne aus, bei, mit, nach, seit, von da zu. Hausa ba ta da irin wannan, domin "da" da "daga" ba sa sauya sunan da ke bayansu. Wasu daga cikinsu sukan narke da kalmar da ke biye, kamar zu dem da yake zama zum, da von dem da yake zama vom.

Na uku shi ne mafi wuya. Harufa tara, wato an, auf, hinter, in, neben, über, unter, vor da zwischen, sukan ɗauki datif wani lokaci, wani lokaci kuma Akkusativ. Idan ana maganar wurin da abu yake, datif ne. Idan ana maganar wurin da aka nufa, Akkusativ ne:

(5) Das Buch liegt auf dem Tisch. Littafin yana kan tebur.
(6) Er legt das Buch auf den Tisch. Yana ɗora littafin a kan tebur.

Jamusanci yana tambayar na farko da wo, na biyu da wohin, Hausa kuwa "ina" ce take yin aikin biyun, kamar a "ina yake?" da "ina za shi?" Ya kamata a lura cewa motsi kaɗai ba ya kore datif. Er läuft im Zimmer yana nufin yana gudu a cikin ɗaki, Er läuft ins Zimmer kuma ya ruga zuwa cikin ɗaki.

Kuskure a datif yakan sauya ma'ana baki ɗaya. Mai jin sanyi cewa yake Mir ist kalt. Idan ya ce Ich bin kalt, to ya siffanta kansa ne da sanyin jiki ko rashin tausayi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, matakai uku ne za su sauƙaƙa wa ɗalibi. Ya haddace kowane suna tare da jinsinsa, domin wanda bai san jinsi ba ba zai iya zaɓa tsakanin dem da der ba. Ya auna kowane aikatau da ma'aunin wa da ma-, ya ware waɗanda suka saɓa a jeri na musamman. Sannan ya koyi harufa a cikin cikakkun jimloli, yana tambayar kansa wo ko wohin. Malamin da yake koyar da Hausawa Jamusanci ta hanyar Ingilishi kaɗai yana bin doguwar hanya, domin Ingilishi ya daɗe da haɗe datif da Akkusativ a siga ɗaya, alhali Hausa har yanzu tana bambanta "shi" da "masa".