Gatarin Talaka Da Wutar Kamfanonin Mai

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege ko Sabo ta Ibadan ya san inda kuɗin cefanen da yake aikawa gida suke zurarewa. Tsadar kananzir da gas ta mayar da gidaje da yawa kan murhu, itace da gawayi kuwa sai ƙara kuɗi suke yi.

Ana cikin haka, a 2024 Gwamnatin Jihar Jigawa ta hana sare itatuwa don yin itacen girki ko gawayi ba tare da izini ba. Hujjarta mai ƙarfi ce, domin hamada tana cin gonaki, kuma manomin Maigatari ba ya bukatar a yi masa bayanin rairayi. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, shekarar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a birnin Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba.

To, amma ina matsayin talaka? Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda kotu ba ta da ikon tilasta wa gwamnati bin sa. Watau hukuma tana iya kama mai jaki da kayan itace, shi kuwa ba shi da hanyar kai ta ƙara a kan wannan sashe idan ita ce ta yi sakaci. Kuma matar da aka hana itace, in ba a ba ta wani makamashi ba, da me za ta tuƙa tuwo?

A dubi Kudu. Dokar 1979 ta hana kamfanonin mai ƙona iskar gas a sarari daga 1984, sai fa da takardar izinin minista, kuma ta wannan 'yar kafa aka yi ta wucewa ana biyan tara. A 2005 wani mutumin Iwherekan ta Jihar Delta, Jonah Gbemre, ya kai ƙarar Shell da NNPC gaban Babbar Kotun Tarayya a Benin. Ya kafa hujja da Sashe na 33 da na 34, masu ba kowa haƙƙin rayuwa da mutunci. Kotu ta ba shi gaskiya, ta ce ƙona gas keta waɗannan haƙƙoƙi ne, ta umarci a daina.

Shekaru sun shuɗe bayan hukuncin, matafiyi mai bi ta yankin Warri da dare yana hango wutar tana ci a sararin sama.