Rubutun 4K ba shi ne inganci ba: Yadda ake gwada kyamarar bidiyo kafin a biya kuɗi

Ɗaurin aure sau ɗaya ake yin sa. Idan mai ɗaukar bidiyo ya koma gida ya tarar fuskar ango ta yi duhu, ko hoton kamun amarya ya yi dishi-dishi, babu wanda zai sake tara masa jama'a. Abin da ke biyo baya shi ne rigima kan cikon kuɗi da rasa aiki na gaba.

Sau da yawa tun daga shago matsalar ke farawa. Kasuwanni da shafukan sayayya na intanet cike suke da ƙananan kyamarori masu araha da aka rubuta wa 4K a kwali, alhali hotonsu bai kai na waya mai matsakaicin farashi ba.

Me 4K ke nufi?

Hoton bidiyo tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Full HD na da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2. Shi kuwa 4K na da 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3.

Sai dai lambar yawan ɗigon kawai take faɗa, ba kyawunsu ba. Wasu kyamarorin ƙaramin hoto suke ɗauka, sai manhajar ciki ta buɗa shi ya kai girman 4K. Fayil ɗin zai yi nauyi, amma zaren aikin hula ba zai fito ba.

Abin da ya fi tasiri shi ne sensa, wato farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara. Wanda ake kira inci 1 ya ninka na 1/2.3 kusan sau huɗu a faɗi, don haka ya fi shi tara haske. Shi ya sa Full HD na gaske kan doke 4K na bogi.

Gwajin duhu da na rana

Kusan kowace kyamara tana yin kyau da rana. A ɗauki minti ɗaya a lungun shago mai ƙarancin haske, sannan a duba wuraren da ke da inuwa. Idan ana ganin ɗige-ɗige suna motsi kamar yashi, haka dinar dare za ta fito.

Sai a fita waje a ɗauki mutum baƙi sanye da farin kaya. Kyamara mai rauni ɗaya take zaɓa: ko farar shadda ta ƙone har aikin wuya ya ɓace, ko fuska ta dushe. Wannan gwajin ya fi kowanne kama da aikin ranar biki.

Wutar lantarki da motsi

Wutar Najeriya da Nijar na juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuma sau 60. Kyamarar da aka yi wa kasuwar Amurka tana ɗaukar hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, kuma a ƙarƙashin wasu ƙwayayen fitila hoton kan riƙa ƙyaftawa. A tabbatar ana iya saita ta a 25 ko 50.

A kuma yi tafiya da ita a hannu don ganin yadda take rage girgiza. Wajen zuƙo abu mai nisa, lambar zum ɗin gilashi ce abin dubawa. Zum na dijital yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, komai girman lambar da aka rubuta.

Sauti, memori da ta hannu

Masu kallo kan haƙura da hoto mai ɗan rauni, amma ba sa haƙura da wa'azi ko hirar da ƙarar janareta ta danne. A duba ko akwai ramin saka makirufo na waje.

Bidiyon 4K da ke ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan GB 45 a awa ɗaya, kuma yana buƙatar memori mai alamar U3 ko V30. Wannan ma kuɗi ne da ya kamata a lissafa.

Idan ta hannu ce, a rufe gilashin a ɗauki baƙin hoto. Duk ɗigon da ya tsaya yana haske alamar lahani ne a sensa. A bar ta tana ɗauka na rabin awa a ga ƙarfin batir da ko zafi zai kashe ta.

Ƙaramin allon kyamara yana ɓoye aibi, WhatsApp kuma yana matse bidiyo. Saboda haka mai saye ya je da memorinsa, ya kalli ainihin fayil ɗin a talabijin ko kwamfuta. Mai shagon da ya hana wannan gwajin ya riga ya ba da amsa.