Benen da Ya Ƙi Tsayawa a Hoto

Hotuna biyu na bene ɗaya ne a gabana, kuma daga wuri ɗaya aka ɗauke su. A nawa, bangon yana tsukewa ta sama kamar ginin zai faɗi da baya. A na tsohon mai hoton da ya koya mini aiki kuwa, tsaye yake cak.

Idon kyamarata na fara zargi. Na aro mai tsada, benen bai fasa jingina ba. Na ja da baya har tsallaken titi, karkatar ta ragu, amma rabin hoton ya zama kwalta. A nan na kama bakin zaren: duk sanda na ɗaga hancin kyamara don in kamo rufi, sai bango ya tsuke. Ashe fim ɗin ne ke kishingiɗa, ya daina fuskantar bango. To, ta yaya Malam ya kamo rufi bai ɗaga ba?

Da na tambaye shi, sai ya fito da Sinar, kyamara ƙirar Suwizalan mai fim inci 4 da 5, gabanta da bayanta haɗe da fata irin ta zugazugin maƙera. Ya daidaita bayan da lebur kamar magini, sannan ya zura gaban sama shi kaɗai. Na shiga cikin baƙin ƙyalle na leƙa gilashi: ga bene a kife, rufi ya shigo, bango bai motsa ba.

Na sayi irinta da ido Angulon mai milimita 90, na yi yadda ya yi. Bango ya miƙe, amma kusurwoyin sama suka fito baƙi ƙirin. Malam ya cire gilashin baya, ya kara farar takarda babba. Sai ga haske a da'ira. Daga kusurwa zuwa kusurwa, fim ɗin ya ɗan haura milimita 150, da'irar idona kuma kusan iyakarta ke nan, da na zura sama sai fim ya fita daga haske. Nasa Super-Angulon ne, shi ma 90, amma da'irarsa ta kai 216.

"Yaro," in ji shi, "in za ka sayi ido don gini, fara tambayar faɗin da'irarsa kafin kuɗinsa."