Dabbar Amurka da Shamuwar Sahel: Wa Ya Fi Sanin Yanayi?

A farkon watan Fabrairu, ƙurar hunturu ba ta gama barin Dungu ba. Unguwar tana kudancin Tamale a arewacin Ghana, a kan hanyar Kumasi, kuma a nan ne hedikwatar jami'ar UDS take. Gonakin da suka rage a bayan sababbin gine-gine sun bushe ƙayau, ciyawa ta ƙone, leɓuna sun tsattsage. Ba wanda ke maganar ruwa tukuna.

A daidai wannan lokaci, ranar 2 ga wata, dubban mutane ke yin sammako cikin sanyi mai ratsa ƙashi a wani ɗan gari mai suna Punxsutawney, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, domin su ji ta bakin wata dabba. Mazauna garin ba su wuce 6,000 ba, amma baƙin da ke zuwa kan ninka su sau da yawa. Dabbar dangin kurege ce, mai kauri da gajerun ƙafafu, tana kwana a rami duk tsawon sanyi. Turawa na ce mata groundhog, ta wannan gari kuwa an raɗa mata suna Phil. Gari na wayewa, wasu dattawa sanye da baƙaƙen kwat da dogayen huluna sai su ciro Phil daga kututturen itace a wani tudu da ake kira Gobbler's Knob, su ɗaga shi sama, jama'a na shewa. In aka ce ya ga inuwarsa, sanyi zai ƙara mako shida. In bai gani ba, ɗumi ya kusa.

Tun 1887 ake wannan taro. Jamusawa da suka yi hijira zuwa Pensilbaniya ne suka zo da al'adar, kuma wani fim da aka yi a 1993 ya ƙara mata farin jini. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta sha gwada hasashen Phil da abin da ya faru, ta tarar bai kai rabi yana dacewa ba. Mutanen garin ba su damu ba, domin otal-otal sun cika, 'yan kasuwa sun yi ciniki, kuma ba wanda ya dogara da Phil wajen zuba iri.

A ƙasar Dagomba, inda Tamale take, da ƙasar Hausa ba a yi wa dabba biki kan wannan, amma ana sa mata ido da gaske, saboda abincin shekara ne a kan layi. Tamale damina ɗaya gare ta, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ruwan kuma bai cika wuce milimita 1,100 ba. Wanda ya yi gaggawar shuka, iri ya ƙone a ƙasa. Wanda ya makara, ruwa ya ɗauke masa kafin masara ta nuna.

Shi ya sa in bazara ta kama, zafi ya tsananta a Maris, manomi ke duba ƙasa kamar yadda yake duba sama. Ga tururuwa sun yi layi, kowace ɗauke da farin ƙwai a baki, suna barin gangare zuwa tudu ko gindin bango. Ga kwaɗi sun fara kuka a fadamar da ta yi wata da watanni shiru. Tsuntsun nan ragon maza na ta kira daga cikin duhuwa da sassafe. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, shinge ya fito daga suri ya rufe fitilun titi, yara na bi da kwanon ruwa suna tarawa.

Babbar mai albishir a wurin Bahaushe ita ce shamuwa. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, kuma ba ta gudun mutane. A ƙauyukan Katsina da Maraɗi takan yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, yaro ma in ya ɗaga danƙo sai a kwaɓe shi. A arewacin Ghana an fi ganinta tana wucewa, domin ruwa na riga sauka a Tamale kafin ya kai Kano ko Damagaram.

Ba duba take yi ba. Kowace shekara iska mai laima daga tekun Gini tana turo busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, kuma inda suka haɗu nan hadari ke tasowa. Ruwa na sauka, ciyawa ta tsiro, fara da tsutsa su ɓarke, su ne kuwa abincin shamuwa. Ita abincinta take bi, abincin kuma yana bin ruwa. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar na'urar bibiya sun ga cewa in damina ta ƙare sukan nufi gabashin Afirka, har Tanzaniya, inda ruwa ke sauka a lokacin. Haka kwaɗo da tururuwa: jikinsu na jin sauyin laima kafin na mutum. Phil kuwa ba abin da ya haɗa inuwarsa da makonni shida masu zuwa.

An ma gwada wannan ilimi a kusa da Tamale. A gundumar Kumbungu, wajen madatsar ruwa ta Bontanga, Emmanuel Nyadzi da abokan aikinsa na jami'ar Wageningen ta Holan sun ba manoman shinkafa wayoyin hannu da ma'aunin ruwan sama. Kullum manomi zai shigar da alamar da ya gani da abin da yake tsammani, daga baya a gwada da ruwan da ya sauka. Sakamakon ya nuna hasashen manoma ba abin yarwa ba ne, kuma in aka haɗa shi da na masana kimiyya ya fi dacewa, manoman ma sun fi amincewa da shi.

Sai dai alamun nan gajeren zango gare su. Tururuwa na iya faɗin ruwan gobe, shamuwa ta faɗi shigowar damina, amma ba wadda ke faɗin abin da zai faru a tsakiyarta. A 2024 an yi shuka lafiya a arewacin Ghana, sai ruwa ya ɗauke makonni a jere cikin Yuli da Agusta. Masara ta bushe a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa ƙetare a ƙarshen Agusta.

Wannan giɓi ne hukumar hasashen yanayi ta Ghana ke ƙoƙarin cikewa da sanarwar da take fitarwa kafin damina, wadda ke ƙiyasta lokacin farawar ruwa, da ɗaukewarsa, da tsawon farin da ka iya ratsawa. A Nyankpala kuma, yamma da Tamale, cibiyar binciken noma ta SARI na samar da irin masara mai saurin nuna da jure fari, irin su Wang-Dataa. Manoma da yawa yanzu sukan saurari rediyo, su duba tururuwa, sannan su tona ƙasa da hannu su ga iya inda laima ta kai kafin su kwance bakin buhun iri.